Saiti da Sunayen Bugu a Wasan Ƙwallon Ƙafa

(Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai 'yan Birnin Kudu da Gwaram, dab da tafiya dogon hutu)



Da farko muna miƙa godiyarmu ga shugabannin wannan taro da suka ba mu damar tsayawa gabanku. Mun sani a cikin masu sauraro akwai waɗanda za su ce, me ya kai ɗaliban jami'a ga tattauna tamaula, alhali ga manyan matsaloli jibge a garuruwanmu? Amsarmu ita ce, babu wani abu da yake tara samarin yankinmu kullum bayan la'asar kamar ƙwallo. Daga Birnin Kudu zuwa Wurno da Kangire da Sundimina, daga Gwaram zuwa Sara da Basirka da Fagam, da wuya a sami filin makarantar firamare da ba a tayar da ƙura a cikinsa da yamma. Abin da yara masu ɗimbin yawa suke ba wa sa'a biyu a kowace rana, lalle ya cancanci masu ilmi su zauna su yi nazarinsa.

Duk wanda ya saba tsayawa bakin waɗannan filaye ya san irin baiwar da Allah ya yi wa ƙannenmu. Akwai gudu, akwai juriya, akwai iya yanka. Amma da zarar an iso gaban raga, sai ka ga ƙwallo ta tashi sama ta faɗa gonar gero, ko ta haura katangar maƙwabta. 'Yan kallo su yi ihu, a ce "ba sa'a", a ci gaba da wasa. Abin da muke so mu nuna a yau shi ne, wannan ba rashin sa'a ba ne. Yana da dalilai biyu: ba mu sa wa ire-iren bugu sunaye da harshenmu ba, kuma ba ma ƙirga kuskurenmu.

Abin da rashin saiti ya jawo mana

Kafin mu shiga dalilan, bari mu tuna irin hasarar da bugu ɗaya yake jawowa, domin kada a ɗauka maganar ta tsaya ga filin ƙauye.

Ran 13 ga Fabrairu, 2000, Nijeriya ta kara da Kamaru a wasan ƙarshe na cin Kofin Afirka a Legas. Kamaru ta fara cin biyu, Raphael Chukwu da Jay-Jay Okocha suka farke, aka tafi bugun daga kai sai mai tsaron gida. Golan Kamaru ya tare bugun Nwankwo Kanu. Bugun Victor Ikpeba ya daki sandar sama ya dira ƙasa, hotunan talabijin suka nuna ƙwallon ta haye layi, amma alƙalin wasa bai karɓa ba. Kamaru ta ɗauke kofi a gidanmu da ci 4 da 3. Har gobe ana zargin alƙali, kuma da gaskiyar masu zargi. Sai dai da bugun ya sauko ƙasa da sandar da taƙi ɗaya, da babu wanda zai nemi shaidar talabijin.

A shekarar 2010, a gasar Kofin Duniya a Afirka ta Kudu, Nijeriya tana bukatar ta ci Koriya ta Kudu domin ta haye zagaye na biyu. Aka miƙa wa Yakubu Aiyegbeni ƙwallo 'yan taku kaɗan daga layi, raga a buɗe, ya zubar da ita waje. 'Yan mintoci bayan haka shi dai Yakubun ya tsaya ya ci fenareti cikin natsuwa. Aka tashi 2 da 2, muka dawo gida. A lura da wannan: mutum ɗaya, wasa ɗaya. Bambancin bugun biyu shi ne yadda ya ajiye ƙafarsa da gefen da ƙwallon ta taɓa.

A Fabrairun 2024 mun ji daɗin bugun fenareti, sa'ad da Stanley Nwabali ya tare biyu muka fitar da Afirka ta Kudu da ci 4 da 2 a wasan kusa da na ƙarshe. A Nuwamban 2025 kuma muka ɗanɗana ɗacinsa a Rabat, inda Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta fitar da mu da ci 4 da 3, muka rasa zuwa Kofin Duniya na 2026. Ke nan, wahalar shekaru tana iya rataya a kan tazarar mita 11.

Darasi daga Ostireliya

Yanzu muna roƙon izinin ku mu yi doguwar tafiya, domin akwai wata al'umma da ta ɗauki maganar saiti da muhimmancin da muke nema. Mutanen Ostireliya suna da nasu irin wasan ƙwallon ƙafa, wanda aka rubuta dokokinsa a birnin Melbon a shekarar 1859. Ƙwallonsu mai siffar ƙwai ce, kowane ɓangare yana da mutum 18 a fili, kuma an halatta kama ƙwallo da hannu. Babu gola, babu raga, babu sandar sama. Abin da ke akwai shi ne turaku huɗu a jere a kowane ƙarshen fili, tsakanin kowane turke da na kusa da shi mita 6.4. Idan aka buga ƙwallo da ƙafa ta wuce tsakanin turaku biyu na tsakiya ba tare da kowa ya taɓa ta ba, an sami maki 6. Idan ta daki ɗaya daga cikin turakun tsakiyar, ko ta bi ta ƙofofin gefe, maki 1 ne kawai.

Abin sha'awa a nan shi ne yadda suke rubuta sakamako. Suna fara rubuta adadin masu maki shida, sa'an nan adadin masu maki ɗaya, sa'an nan jimla. Watau kuskuren ƙungiya yana nan rubuce a kan allo, kowa yana gani, kuma yana shiga littafin tarihi. Alal misali, a wasan ƙarshe na shekarar 2008, gaban 'yan kallo sama da dubu ɗari a Melbon, ƙungiyar Geelong, wadda sau ɗaya tak aka ci ta a kakar, ta sami manyan ci 11 da ƙanana 23, jimla maki 89. Abokiyar karawarta Hawthorn ta sami manya 18 da ƙanana 7, jimla 115. Geelong ta ci maki sau 34, Hawthorn sau 25, amma Hawthorn ce ta tafi da kofi. Duk yaron da ya iya karatun lamba a ƙasar zai duba wannan sakamako ya gane inda gizo yake saƙa.

Al'ummar da take ƙirga kuskure haka dole ta nemi maganinsa, kuma hanyar da suka bi ita ce rarrabe bugu da ba kowanne suna. Akwai wanda suke kira dirof fant: a riƙe ƙwallon a tsaye, a sake ta kan doron ƙafa, ta tafi tana juyawa da baya. Shi ne mafi saiti, shi ya sa ya mamaye wasan tun wajen shekarun 1970, ya kori wasu tsofaffin salo kamar ajiye ƙwallo a ƙasa a buga. Akwai tofido, mai sunan makamin nan na yaƙin ruwa, inda ƙwallon take tafiya tana murɗawa kamar mazari. Ya fi kowanne nisa, amma yana yawan kauce wa hanya, don haka sai tazara ta yi tsawo ake nemansa. Akwai wanda suka sa wa sunan ayaba saboda lanƙwasarsa, ana yin sa da gefen ƙafa na waje idan mutum yana can kusurwa, ƙofa ta ƙuntata. Akwai kuma sinaf, wanda ake yi cikin hanzari a karkace, ƙwallon ta gilma gaban mai bugu ta lanƙwaso ciki. Mai horarwa a can yana iya ce wa yaro, "Daga nan dirof fant ake yi, bar tofido," kuma yaron ya fahimta nan take. Wannan gajeriyar jimla ita ce abin da muka rasa a filayenmu.

Lissafin raga

Mu dawo ga wasan da muka sani, mu ɗan yi lissafi irin na 'yan sakandare. Faɗin raga mita 7.32 ne, watau yadi 8, tsayinta kuma mita 2.44, watau ƙafa 8. Wanda ya tsaya a ɗigon fenareti, mita 11 daga layi, yana kallon ƙofa mai buɗewar kusan digiri 37. Idan ya ja baya zuwa bakin yadi goma sha takwas, mita 16.5, ƙofar ta koma digiri 25. Daga mita 30 kuwa ba ta wuce digiri 14 ba, kuma ga gola a tsakiyarta, ga 'yan baya a gabanta. Idan mutum ya karkata zuwa gefen fili, ƙofar tana ƙara tsukewa. Ɗan wasan Ostireliya da yake bugu daga mita 50 yana neman ƙofar da ba ta kai digiri 8 ba, shi ya sa ba sa wasa da lamarin.

Bugu da ƙari, kuskure yana girma da nisa. Idan ƙafa ta kauce da digiri 1 kacal, ƙwallon za ta kauce da kusan santimita 35 bayan tafiyar mita 20. Kaucewar digiri 5, wadda ido ba ya ko lura da ita a lokacin bugu, tana zama mita 1.75. Wanda ya nufi jikin turke ta ciki, sai ya ga ƙwallonsa ta nufi masu sayar da rake.

Saboda haka saiti yana da ƙa'idojin da za a iya koya wa kowa. Ƙafar da aka kafa a ƙasa ta zauna a gefen ƙwallo, yatsunta suna duban inda ake nufi, gama ita ce take nuna wa ƙugu hanya. Idon sawun ƙafar bugu ya ƙage, kada ya yi laƙo-laƙo. Ido ya tsaya kan ƙwallo a lokacin haɗuwa, domin an riga an dubi raga tun kafin nan. Ƙirji ya rufa kan ƙwallo, gama duk wanda ya gantsare baya ya daki ƙasanta, sama za ta yi. Idan kuma aka dake ta a gefe, za ta tafi tana juyawa, iska ta tura ta ta lanƙwasa. Wani masani Bajamushe, Heinrich Gustav Magnus, ya yi bayanin wannan tun 1852, kuma shi ne sirrin bugun tazarar nan da Roberto Carlos na Birazil ya yi wa Faransa a 1997. Babu siddabaru a ciki, kimiyyar aji huɗu ce.

Haƙiƙa yanayin filayenmu ma yana da nasa laifin. Ƙasa mai tauri da tsakuwa tana sa ƙwallo tsalle-tsalle. Iskar hunturu tana kwashe ƙwallo marar nauyi. Yaron da ya tashi yana bugu ba takalmi yakan saba da kare yatsunsa, ranar da ya sami takalmi kuma sai ya koma dungurin ƙwallo da tsininsa. Mafi muni duka shi ne gidan da ake yi da duwatsu biyu ko silifa, ko gora biyu ba sandar sama. A irin wannan gida babu mai iya tabbatar da ƙwallo ta shiga ko ta haura, sai musu da rantse-rantse, mai babbar murya ya yi nasara. Yaro yana iya shekara biyar yana wasa bai taɓa sanin inda mita 2.44 ta tsaya ba. Daɗin daɗawa, gidajen kallo suna maimaita masa bugun nesa da suka shiga, ba sa nuna masa ɗimbin waɗanda suka tafi wajen 'yan kallo.

Batun sunaye

A nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye a matsayinmu na masu nazarin harshe da masu kishinsa. Ma'aikatan gidajen rediyo sun yi ƙoƙari matuƙa. Su suka ba mu bugun kusurwa, da bugun tazara, da satar gida, da bugun daga kai sai mai tsaron gida, wanda ya fi sunansa na asali bayyana hali. Amma idan muka duba da kyau, waɗannan duka sunayen hukunci ne, suna gaya mana abin da alƙalin wasa ya yanke. Ba su gaya mana abin da ƙafa ta yi wa ƙwallo ba. Idan aka zo nan, yawancin masu horar da yaranmu kalma ɗaya suke da ita: "Buga!" In abin ya yi zafi su ce, "Ɗirka!"

Wannan abin mamaki ne, domin Bahaushe ba ya ƙyashin suna ga sana'ar da ya ɗauka da muhimmanci. Manomin Gwaram ba ya ce wa ɗansa "je ka yi aikin gona" ya tsaya nan. Akwai sassabe, akwai shuka, akwai firi, akwai maimai, akwai huɗa, akwai girbi, kowanne da lokacinsa da kayan aikinsa: sungumi, fartanya, garma, lauje, magirbi. 'Yan dambe suna da hannun da ake naɗewa da wanda ake kariya da shi, suna da turmi, suna da kisa. Maharbi yana da baka da kibiya da kwari, yana ɗanawa, yana bara, yana saki. Ita kanta kalmar kuskure da muke ta ambata, ai ita ake faɗi idan kibiya ba ta sami abin da aka nufa ba. Harshen da ya mallaki wannan dukiya ba zai gaza a filin tamaula ba.

Sauran al'ummu ma haka suka yi. 'Yan Birazil sun kira bugun Didi, gwarzonsu na shekarun 1950, busasshen ganye, saboda yadda ƙwallon take tashi sai ta faɗo ba zato. Duniya kuma ta sa wa wani salon fenareti sunan Antonin Panenka, wanda ya ɗaga ƙwallo a hankali ta tsakiyar raga ya ba Cekosulobakiya Kofin Turai a kan Jamus ta Yamma a 1976.

Don haka muna gabatar wa wannan taro da waɗansu sunaye a matsayin shawara, a tattauna, a gyara, a sauya wanda bai zauna a baki ba.

Na ɗaya, bugun ciki: wanda ake yi da faffaɗan cikin ƙafa. Shi ne mafi saiti, domin wurin haɗuwar ƙafa da ƙwallo yana da faɗi. Na kusa da raga ne da na miƙa wa abokin wasa.

Na biyu, bugun doro: da doron ƙafa, inda igiyar takalmi take. Shi ne mafi ƙarfi, amma ƙaramin kuskure yana ɓata shi. Irinsa Sunday Oliseh ya narka wa Sifen daga nesa a Kofin Duniya na 1998.

Na uku, bugun lauje: a daki ƙwallo a gefe da cikin ƙafa, ta kewaye masu katanga ko gola ta lanƙwaso kamar bakin lauje. Magoya bayan Kano Pillars sun sha ganin irinsa a ƙafar Rabi'u Ali.

Na huɗu, bugun waje: da gefen ƙafa na wajen ƙaramin yatsa, ƙwallon ta lanƙwasa zuwa ɗaya ɓangaren.

Na biyar, share-ƙasa: bugu mai ƙarfi da ba ya tashi. Gola yakan fi shan wahalar kai hannu ƙasa kusa da turke fiye da tare ƙwallon da ta zo daidai ƙirjinsa.

Na shida, bugun kwasa: a zura ƙafa ƙarƙashin ƙwallo a ɗaga ta ta haye golan da ya fito.

Na bakwai, bugun tarye: a tare ƙwallo a sama kafin ta dira. Na takwas, bugun tsini: da kan yatsu, wanda ake raina shi, alhali yana da amfani idan wuri ya matse babu damar ɗaga ƙafa. Na tara, bugun dunduniya.

Idan waɗannan sunaye ko makamantansu suka kama, mai horarwa zai iya cewa, "Kai, a taku shida bugun ciki ake yi, me ya kai ka doro?" Yaron zai tafi gida ya san abin da ya ɓata, gobe ya dawo ya gyara.

Abin da za mu iya yi a wannan hutu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙanenmu da yake mafarkin sa rigar Jigawa Golden Stars ko Kano Pillars, ko ya bi sawun Ahmed Musa da Tijjani Babangida, wata rana zai tsaya gaban masu zaɓe a filin gwaji a Dutse ko Kano. A can ba za a ba shi fiye da dama biyu ko uku ba, kuma akwai yara da yawa a layi. Iyayensa sun sayar da akuya ko buhun gyaɗa sun yi masa kuɗin mota da takalmi. Idan ya ɗaga ƙwallo sama a ranar, babu mai tambayar wane irin fili ya tashi a kai. Saboda shi muke wannan magana.

Muna ba da shawara huɗu, babu wadda take bukatar kasafin gwamnati.

Da farko, kowane ɗayanmu da ya koma gida ya tabbatar filin unguwarsu yana da gida mai cikakken awo, da sandar sama, ko da ta gora ce. Igiyar awo tana wurin kowane tela da magini.

Na biyu, a sami bango, a zana raga da gawayi ko farar ƙasa, a raba ta gida shida, a sa wa kowane gida lamba. Yaro ya faɗi lambar da yake nufi da irin bugun da zai yi kafin ya buga. Bugun da ba a ambaci inda aka nufa ba, ba a ƙirga shi ko da ya yi kyau. A fara daga mita 8, a riƙa ja baya, kuma a yi da ƙafa biyu.

Na uku, mu ari dabarar mutanen Ostireliya. Kowace ƙungiyar unguwa ta sayi littafin rubutu ɗaya. Wani ya zauna a bakin fili ya rubuta bugun da kowa ya yi, daga ina, wane iri, ya shiga, gola ya tare, ko ya fita waje. A ƙarshen wata a karanta a gaban kowa. A nan ne wanda ake yi wa kirari saboda ƙarar bugunsa zai ga adadin da ya zubar, wanda ba a kula da shi kuma a gane darajarsa. Ribar ƙafa kuma, yaran da suke gudun darasin lissafi za su koyi kaso cikin ɗari ba tare da an kora su da bulala ba.

Na huɗu, a riƙa gwada fenareti a ƙarshen atisaye, lokacin da ƙafafu suka gaji, kuma a gaban jama'a suna ihu, gama a irin wannan hali ake buga shi ranar gasa. A manyan gasanni kusan uku cikin kowane huɗu ne suke shiga. Ƙungiyar da littafinta ya nuna ƙasa da haka ta san tana da aiki a gabanta.

Ga 'yan'uwanmu na sashen Hausa kuwa, akwai aiki na musamman. Ku zagaya filayen Birnin Kudu da Gwaram da alƙalami, ku saurari kalmomin da yara da kansu suke amfani da su, domin a bakinsu akwai sunayen da suka fi namu daɗi. Ku tattara, ku kawo wa wannan mujalla, a buga, a aika wa masu sharhin wasanni a gidajen rediyo.

Kammalawa

Jama'a, kakanninmu na Birnin Kudu sun bar zane a jikin duwatsun Habude da Mesa wanda masana suke zuwa gani daga nesa. Hannun da ya yi wannan zane hannu ne mai natsuwa da awo. Muna fata jikokinsu su kawo irin wannan natsuwa gaban raga. Itace tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ƙannenmu kuwa har yanzu ɗanyu ne, kuma suna jin maganarmu saboda suna ganin mun zo jami'a. Idan muka dawo daga hutu, muna roƙon shugaban taro ya ware rana guda, kowa ya zo da littafin unguwarsu, mu baje su a kan tebur mu ga wace unguwa ce ta fi saiti.